Littafin da ka saya a waya, naka ne ko aro aka ba ka?

Mai Karatun Dare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masana a cikinku. Idan mutum ya biya kuɗi ya sayi littafi ko fim a intanet, me ya sa ba zai iya kai shi wata na'urar ba? Na canza waya, littattafan da na saya sun ƙi buɗuwa sai a cikin manhajar inda na saye su, ita kuma manhajar ta ƙi hawa sabuwar wayar. Fayilolin suna nan ina ganinsu, amma a kulle. Shi ke nan kuɗina ya tafi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Malam. Abin da ya same ka shi ake kira DRM, wato makullin da masu haƙƙin mallaka ke sa wa kayan dijital. Fayil ɗin da ke wayarka an hargitsa rubutunsa ne ta hanyar lissafi, ba ya karantuwa sai da mabuɗi. Mabuɗin kuma ba a hannunka yake ba. Yana wurin kamfanin, manhajarsu ce ke karɓo shi bayan ta tabbatar da asusunka da na'urarka. Duk ranar da manhajar ta daina aiki, ko aka rufe asusun, ko kamfanin ya kashe kwamfutocin da ke ba da mabuɗin, fayil ɗin ya zama banza.

Ka fara shiga asusunka ta burauza ka duba ko suna da wurin karatu a can. Da yawa suna da shi. Amma gaskiyar magana, a takardar sharuɗɗan da muke dannawa ba mu karanta ba, yawancinsu sun rubuta cewa izinin amfani suka ba ka, ba su sayar maka da kwafin ba.

Mai Karatun Dare:
To ai ni maɓallin saye na danna, ba na haya ba.

Barista:
Wannan ƙorafin naka ya kai har gaban 'yan majalisa. A 2024 jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka cewa mai sayar da kayan dijital ba zai ce wa mutum saye yake yi ba, matuƙar zai iya karɓe abin daga baya, sai ya fito fili ya shaida masa cewa izini kawai yake biya. A ƙarshen shekarar Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta, ta fara sa wannan sanarwa a shafin biyan kuɗi.

Kuma karɓewar ta sha faruwa. A watan Yuli na 2009 Amazon ya shiga na'urorin karatu na Kindle na mutane ya goge littattafan George Orwell guda biyu da suka riga suka biya, saboda wanda ya ɗora su a kasuwar ba shi da haƙƙinsu. An mayar da kuɗi, shugaban kamfanin na lokacin, Jeff Bezos, ya ba da haƙuri, wani ɗalibi ma ya kai ƙara domin bayanan da ya rubuta a gefen littafin sun tashi a banza. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, duk abin da mutane suka saya ya daina buɗuwa. Su ma sun mayar da kuɗi. Amma mai littafi littafinsa yake so.

Marubuciya:
Ku yi haƙuri, ni dai a ɗaya gefen nake. Duk wanda ya taɓa zama ya rubuta littafi ya san abin da ake ji idan aka wayi gari ga shi yana yawo a zaurukan WhatsApp da Telegram, an mayar da shi PDF, wani ma ya goge sunan marubucin ya sa tasa lambar yana karɓar kuɗi. Mutum ya hana idonsa barci, ya biya mai gyaran rubutu, ya biya mai zanen bango, sannan mutum ɗaya ya saya dubu su karanta kyauta. Idan ba a kulle ba me za a yi? Ku da ke kukan makulli, wa zai biya marubuci?

Injiniya:
Hajiya, kukanki gaskiya ne, ba wanda zai musa. Tambayata ɗaya ce: wancan PDF ɗin da ke yawo, akwai makulli a jikinsa? Babu. Wanda ya sato yana karantawa a waya, a kwamfuta, ya tura wa wanda ya so, ba abin da ya dame shi. Wanda ya biya kuɗi kamar Malam Mai Karatun Dare shi ne ke shan wahala. Mutum ɗaya kawai ake buƙata a duniya ya fasa makullin, ko ya ɗauki hoton shafukan, daga nan kwafin da ba kulle ya bazu ko'ina.

Kuma akwai dalilin da ya sa koyaushe ake fasawa. Dole ne na'urar mai saye ta buɗe abin kafin ya gani ko ya ji. Ke nan an ba shi saƙon a kulle, an kuma ajiye mabuɗin a cikin na'urar da ke hannunsa, ana fatan ba zai gano inda yake ba. Makullin faifan DVD ya fito a 1996, zuwa 1999 an fasa shi. Cikin waɗanda suka yi aikin har da wani yaro ɗan ƙasar Norway mai shekara 15, Jon Johansen. An gurfanar da shi, kotu ta wanke shi a 2003.

Marubuciya:
Injiniya, don ɓarawo yana iya haura katanga ba ya nufin a daina kulle ƙofa. Makullin ba don ƙwararrun ɓarayi ake sa shi ba. Don mutumin kirki ne da zai tura wa ƙanwarsa, ita ta tura wa ƙawarta, ba tare da kowa ya ji ya yi laifi ba. Irin wannan turawar ita ta fi cin marubuci.

Dattijon Zaure:
Maganar 'yata Marubuciya abin dubawa ce. Kada zafin abin da kamfanoni ke yi ya sa mu halatta cin gumin mutane. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Wanda ke rarraba littafin mutane ba izini ya sani yana da abin amsawa.

Sai dai kuma ciniki yana da sharaɗi. Dole mai saye ya san abin da yake saye. Idan ka karɓi kuɗin mutum yana zaton ya mallaka, kai kuma ka ɓoye a shafi na ashirin cewa kana iya ƙwacewa duk ranar da ka so, wannan ma zalunci ne. Ni littattafan takarda da na saya tun ina saurayi suna nan, na ba da aro, wasu na yi kyauta, sauran 'ya'yana za su gada. Na cikin waya kuwa wa zai gada?

Barista:
Baba, Allah ya ƙara girma, ka taɓo wurin da ya fi wuya. A littafin takarda, dokokin ƙasashe da yawa sun yarda cewa da zarar an sayar da kwafi, ikon mai haƙƙi a kan wannan kwafin ya ƙare. Kana iya sayarwa, kana iya bayarwa, da wannan ƙa'ida ɗakunan karatu ke rayuwa. A kayan dijital kotuna sun ƙi bin wannan hanyar. Wani kamfani a Amurka mai suna ReDigi ya buɗe kasuwar sayar da waƙoƙin dijital na hannu, kotu ta ce ba za ta yiwu ba a 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2018. Hujjarsu ita ce tura fayil yin sabon kwafi ne, ko da ka goge naka. Kotun Tarayyar Turai ma a 2019 ta yanke irin wannan hukunci a kan sake sayar da littattafan dijital. Gado kuwa, yawancin sharuɗɗan sun ce asusu ba ya canza hannu.

Ɗan Gem:
Mu masu buga gem mun fi kowa ganin ta kanmu. Ubisoft ya kashe wasan tseren mota The Crew a ƙarshen Maris na 2024. Har wanda ya sayi faifan ya riƙe a hannu ba zai iya bugawa ba, ko shi kaɗai, domin wasan sai ya yi magana da kwamfutar kamfanin kafin ya tashi. Daga nan aka fara gangamin Stop Killing Games, a 2025 suka tara sa hannu sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai. Ba su ce kamfani ya riƙe wasa har abada ba. Cewa suka yi in za ka tafi, ka bar shi a yanayin da wanda ya saya zai iya ci gaba da kansa.

Wani ya taimaka da manhajar cire makullin mana, a wuce wurin.

Mai Kula da Zaure:
Ƙanena, ban da wannan a nan. Duk wanda ya sa mahaɗin manhajar fasa makulli ko na littafin sata zan goge. A ci gaba da muhawara.

Barista:
Ranka ya daɗe, ka yi daidai, kuma dalilin da ya sa ka yi daidai shi ne babban abin da ke damuna a wannan batu. A 1996 hukumar WIPO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, ta samar da yarjejeniyar da ta wajabta wa ƙasashen da suka sa hannu su kare waɗannan makullai da doka. Amurka ta aiwatar da ita a 1998 da dokar DMCA, Tarayyar Turai ta bi a 2001, ƙasashe da dama suka kwaikwaya. A sashe na 1201 na dokar Amurka, fasa makullin laifi ne mai zaman kansa, ko da abin da za ka yi bayan fasawar halal ne. Littafinka ne, ka biya, kai kaɗai za ka karanta a wata na'urar, duk da haka ka taka doka.

Duk bayan shekara uku ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka yana fitar da jerin abubuwan da aka ɗaga wa ƙafa. A 2010 aka yarda mutum ya buɗe wayarsa ya sa manhajar da yake so. Amma rarraba kayan aikin buɗewar yana nan a haramce. An ba ka izini, an hana kowa ya ba ka abin da za ka yi amfani da izinin.

Ga wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Haƙƙin mallaka yana da wa'adi. Yarjejeniyar Berne ta sa mafi ƙaranci shekara 50 bayan rasuwar marubuci, Amurka da Turai suka mayar da nasu 70. In wa'adin ya cika, aikin ya zama na kowa. Makulli ba ya lissafin wannan. Zai ci gaba da kulle littafin da doka ta riga ta saki.

Mai Gyaran Waya:
Bari in kawo nawa daga kan teburin aiki. Mutum zai kawo waya ya ce hoton fim ba ya fita tas, alhali gilashin wayar mai kyau ne, data kuma tana gudu. Ba lalacewa ba ce. Akwai tsarin Google mai suna Widevine, yana da matakai. Wayar da ke L1 za a ba ta hoto mai kyau, wadda ke L3 sai a rage mata, kuɗin wata kuma iri ɗaya suka biya. Wani lokacin in an buɗe wayar an canza mata manhajar tushe sai ta faɗo daga L1 zuwa L3. Haka idan ka ɗauki hoton allo a cikin fim ka ga baƙi ƙirin, ko ka jona kwamfuta da tsohon majigi ta wayar HDMI hoto ya ƙi fita. Wannan na ƙarshen HDCP ne, na'urorin biyu sai sun gaisa sun yarda da juna tukuna.

Abin ma ya wuce fim da waƙa. Firinta tana ƙin tawada don guntun da ke jikin kwalbar ba na kamfanin ba ne. Manoma a Amurka sun yi shekaru suna rigima da John Deere a kan gyaran tarakta, domin manhajar da ke gano matsalar injin tana hannun dillalan kamfanin. Ka gaya mini wane marubuci ake karewa a cikin tarakta?

Marubuciya:
Maganar tarakta da tawada ba ni da ja a kai, wannan neman kuɗi ne kawai aka laɓe a bayan doka. Amma ni a kan littafi nake magana. Ku nuna mini wanda ya cire makulli bai durƙushe ba.

Injiniya:
Akwai, Hajiya, kuma manya. Masana'antar waƙa ita ta fi kowa tsananin kulle-kulle bayan Napster, dandalin musayar waƙoƙi kyauta a intanet, ya girgiza ta a 1999. Har ta kai a 2005 an gano cewa wasu faya-fayan waƙa na kamfanin Sony BMG suna dasa wata ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutar duk wanda ya saka su, manhajar kuma ta buɗe wa masu kutse ƙofa. Wani masanin kwamfuta, Mark Russinovich, shi ne ya tona, aka janye faya-fayan, aka yi ta shari'a. A Fabrairu 2007 shugaban Apple na lokacin, Steve Jobs, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kira ga kamfanonin waƙa su bar makullin, a 2009 kuma iTunes, shagon waƙoƙin Apple, ya koma sayar da waƙoƙi ba kulle. Ba a daina sayen waƙa ba saboda haka.

A littattafai, mawallafa Tor sun cire makulli daga nasu a 2012, bayan shekara guda suka ce ba su ga satar ta ƙaru ba. A wasanni akwai shagon GOG, duk abin da ka saya kana sauke shi ka ajiye. Abin da ya rage satar waƙa shi ne samun ta cikin sauƙi ta hanyar halal.

Sannan ki duba wa makullin ke yi wa aiki. Idan mai karatunki ya tara littattafai ɗari a shago ɗaya, duk a kulle da mabuɗin shagon, ba zai iya komawa wani shagon ba. Ke ma ba za ki iya janye masu karatunki ba in shagon ya rage miki kaso. Mabuɗin ba naki ba ne, na mai shagon ne.

Ɗan Gem:
Amma Yaya Injiniya, Spotify da Netflix ai duk a kulle suke, kuma ba ka yi ƙorafi ba.

Injiniya:
Domin su ba su yaudare ni ba. Na san kuɗin wata nake biya, in na daina biya an rufe. Haya ce kuma an kira ta haya. Damuwata da su daban ce: fim yana nan yau, gobe yarjejeniya ta ƙare ya ɓace, wani kuma ba a taɓa buga shi a faifai ba balle a same shi a wani wuri. Wannan matsalar masu adana tarihi ce, kuma babba ce.

Malamar Makafi:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ɗalibaina da kunne suke karatu, manhaja ce ke karanta musu abin da ke kan allo, wasu kuma da na'urar rubutun makafi. Littafi in an kulle shi, sau da yawa manhajar ba ta iya kaiwa ga rubutun. Yaro yana da kuɗin saye, yana da niyya, littafin yana gabansa, amma shiru. A 2009 da Amazon ya sa wa Kindle muryar karatu, ƙungiyar marubutan Amurka ta yi ƙorafi cewa hakan zai taɓa kasuwar littattafan sauti, sai aka ba mawallafa damar kashe muryar a littattafansu. Wasu suka kashe. Ku yi tunanin wanda wannan muryar ce kaɗai hanyarsa.

Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 ta kawo sauƙi. Ta ba da damar a mayar da littafi zuwa sigar da makaho zai iya amfani da ita ba sai an nemi izinin mai haƙƙi ba, a kuma tura shi daga ƙasa zuwa ƙasa, ta kuma ce kada dokar kare makulli ta hana wannan. Amma a aikace malami ba injiniya ba ne. Sau da yawa sai dai a sami na takarda a bi shi shafi-shafi da na'urar ɗaukar hoto, a gyara kurakurai da hannu. Kafin a gama, 'yan ajinsu masu gani sun yi nisa.

Dattijon Zaure:
Allah ya saka miki da alheri Malama. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

Marubuciya:
Ni ma haka. Wallahi ba zan so littafina ya yi wa makaho shiru ba. Amma har yanzu ban yarda a sake shi haka kawai ba. Na ga abin da ake yi wa littafin da ba shi da kariya, kuma manyan mawallafan da Injiniya ya ambata suna da lauyoyi da masu bin sawu, ƙaramin marubuci ba shi da kowa. Akwai wata hanya tsakanin biyun?

Injiniya:
Akwai wadda wasu shaguna ke bi. Ba a kulle fayil ɗin, sai a buga sunan mai saye ko lambar cinikinsa a cikinsa, wani a bayyane a ƙasan shafi, wani a ɓoye. Mai saye zai buɗe a duk na'urar da ya so, ya ajiye har tsufansa, manhajar makafi ma za ta karanta. In ya watsa kuma za a san daga hannun wa ya fita. Ƙwararre zai iya gogewa, ba zan ɓoye miki ba. Amma mutumin da kika ce ya fi damunki, mai turawa ƙanwa da ƙawa, zai yi tunani sau biyu kafin ya saki fayil mai ɗauke da sunansa.

Barista:
A yi hattara da abin da ake bugawa dai. Lambar ciniki ta isa. Idan aka sa lambar waya ko imel ɗin mutum, sannan aka sace wayarsa fayil ɗin ya fita, bayanansa sun shiga duniya, ga kuma zargin abin da bai aikata ba. Samun sunan mutum a fayil ba hujja ba ce cewa shi ya watsa.

Marubuciya:
Wannan zan iya gwadawa a littafi na gaba. Malama, in zan yi, wace siga ta fi wa ɗalibanki?

Malamar Makafi:
EPUB, Hajiya, sigar fayil ce da aka yi musamman don littattafan dijital. Rubutunsa yana bin girman allo, manhajar karatu tana gane babi da kanun magana, yaro zai iya tsallakawa zuwa inda yake so. In dole sai PDF, to ya zama wanda aka fitar kai tsaye daga rubutun kwamfuta, ba hoton shafuka ba, domin hoto manhajar ba ta ganin komai a cikinsa. Ki kuma sa wa kowane zane ɗan bayani na jimla ɗaya ko biyu. Haruffa masu lanƙwasa ki tabbatar an rubuta su da Unicode, wato tsarin haruffa na bai-ɗaya da na'urori ke ganewa, in ba haka ba suna rikiɗewa su zama wasu alamomi idan aka buɗe a wata na'urar. In kin gama ki turo mini babi ɗaya ta akwatin sirri, zan ba ɗalibi ya saurara ya faɗa mana inda ya tsaya masa.